Dunsinane: Tudun Da Makbes Bai Mutu A Kansa Ba

A zaman karatu da muka yi na ƙarshen wata, wani matashi daga cikinmu ya karanto mana kashin ƙarshe na wasan kwaikwayon da yake rubutawa a kan wani sarki na ƙasar Hausa. Wasan ya yi armashi, har aka tafa masa. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Samari, ai sarkin nan ba a ƙofar gari ya mutu ba. Ya tsira daga wannan yaƙin, sai bayan shekaru aka cim masa a wani wuri." Matashin ya ce, "Na sani, Baba, amma mutuwar ƙofar gari ta fi daɗin kallo. Ai Shekisfiya ma haka ya yi wa Makbes." Nan fa gardama ta kaure, har magariba ta raba mu ba a tsayar da magana ba.

Tun da dai an kafa hujja da Shekisfiya, mun ga ya kamata mu bi sawun hujjar har inda ta fito, wato wani tudu a ƙasar Sikotlan mai suna Dunsinane. Duk wanda ya karanta wasan Makbes a sakandare ko a kwalejin horon malamai ya san sunan, domin a nan ne aka kewaye azzalumin sarki, dajin Birnam ya taso masa, Macduff ya sare kansa. To amma Makbes na tarihi bai mutu a wannan tudu ba, kuma yadda aka yi mutuwarsa ta dawo nan shi ne abin da muke son mai karatu ya duba tare da mu.

Tudun yana nan har gobe, a jerin tuddan Sidlaw, kusa da ƙauyen Collace, arewa maso gabas da birnin Perth. Tsawonsa bai wuce mita 310 ba. A ƙolinsa akwai kufan ganuwa, wadda mutanen yankin suka daɗe suna kira gidan sarautar Makbes, alhali masu binciken kufai sun tabbatar da cewa ginin mutanen zamanin ƙarfe ne, waɗanda suka riga Makbes da ɗaruruwan shekaru. An haƙa wurin a 1799, aka sake haƙawa a 1854. Birnam kuwa tana wajen kilomita 20 daga nan, ana iya hango yankinta in gari ya washe.

Shi Makbes mutumin Moray ne, can arewacin ƙasar. 'Yan'uwa suka kashe mahaifinsa Findlaech a 1020, ɗaya daga cikinsu, Gille Coemgain, ya riƙe Moray har zuwa 1032, shekarar da aka ƙona shi tare da mutanensa hamsin. Makbes ya gaje yankin, ya kuma auri matar mamacin, Gruoch, wadda jikar sarki ce, ya riƙe ɗanta Lulach a matsayin agola. A wancan zamani sarautar Sikotlan ba daga uba zuwa ɗa take tafiya kai tsaye ba, tana zagayawa ne tsakanin rassan gidan sarauta, kusan yadda muka san sarautar Zazzau tana zagayawa tsakanin gidaje. Sarki Malcolm na biyu ya karya wannan al'ada, jikansa Duncan ya hau a 1034. Wannan Duncan ba dattijo ba ne mai furfura da albarka a baki kamar yadda muke ganinsa a dandamali. Wani tsohon kundin tarihi na Ailan ma cewa ya yi an kashe shi da sauran ƙuruciyarsa. Ya kai hari birnin Durham na Ingila a 1039 ya dawo da kunya, sannan a watan Agusta na 1040 ya ɗauki runduna ya shiga Moray, ƙasar Makbes, aka kashe shi a Pitgaveny kusa da Elgin. Wato a bakin daga ya mutu, ba a kan gadon baƙunta ba.

Makbes ya yi shekara 17 yana mulki. A 1050 har ya sami sukunin barin ƙasa ya tafi ziyarar ibada birnin Rum, inda wani marubucin zamaninsa, Marianus Scotus, ya ce ya yi ta watsa wa talakawa kuɗi kamar mai shuka iri. Mu dai a saninmu sarkin da ke tsoron inuwarsa ba ya barin gadon sarauta ya yi tafiyar watanni. An kuma sami rubutaccen shaida cewa shi da Gruoch sun ba masu ibada na tafkin Leven kyautar filaye.

Yaƙin da ake dangantawa da Dunsinane ya auku ranar 27 ga Yuli, 1054, ranar da Kiristocin wancan zamani ke tunawa da samarin nan bakwai da suka yi barci a kogo, waɗanda mu muka sani da Ashabul Kahfi. Siward, hakimin Northumbria ta arewacin Ingila, ya shigo da rundunar ƙasa da ta ruwa. Kundin tarihin Ulster ya ce an kashe mutanen Sikotlan 3,000 da Ingilishi 1,500. Ɗan Siward ɗin ma a wannan yaƙi ya mutu. Makbes ya sha kashi, amma ya fita da ransa, ya koma arewa, ya ci gaba da amsa sunan sarki shekara uku cur. Sai ranar 15 ga Agusta, 1057, Malcolm ɗan Duncan ya cim masa a Lumphanan, wani ƙauye a yankin Aberdeen, wajen kilomita 80 daga Dunsinane, aka kashe shi. Ko a nan ma Malcolm bai hau ba. Mutanen Makbes suka naɗa agolansa Lulach, ya yi 'yan watanni, sai a Maris na 1058 aka kashe shi, sannan Malcolm ya sami gado. Abin lura kuma shi ne, marubutan da suka yi zamani da yaƙin 1054 ba su ambaci sunan Dunsinane ba. Sunan ya manne wa labarin ne daga baya.

Wanda ya fi kowa manna shi shi ne Andrew na Wyntoun, wanda ya rubuta tarihin Sikotlan cikin waƙa wajen 1420, wato kusan shekara 370 bayan abin ya faru. A wurinsa ne muke samun mata uku masu duba, ko da yake shi a mafarki ya ce Makbes ya gan su, da maganar mutumin da mace ba ta haifa ba, da dajin da ya yi tafiya. Har ya ce Iblis ne uban Makbes. Abin dariya, ko abin takaici, wannan Wyntoun shi ne shugaban gidan ibadar da ke tsibirin tafkin Leven, wurin da Makbes da matarsa suka yi wa kyauta. Duk da haka bai iya ɓoye cewa an yi wadata a zamanin Makbes ba. Shi kuma dajin da ke tafiya tsohon kayan tatsuniya ne da ake samu a al'ummu da dama. Wanda ya yi karatun adabin Larabci zai tuna da Zarƙa'u ta Yamama, mai kaifin ido, wadda ta gaya wa mutanenta cewa ta hango itatuwa suna tahowa, suka ce ta ruɗe, ashe mayaƙa ne suka fake da rassa. Daga Wyntoun labarin ya gangaro zuwa Hector Boece a 1527, shi kuma ya ƙaro Banquo da ɗansa Fleance, ya ce su ne kakannin gidan sarautar Stuart. Masana tarihi ba su sami alamar an taɓa yin waɗannan mutane biyu ba. Daga Boece sai Holinshed, wanda bugun littafinsa na 1587 ne Shekisfiya ya buɗe a gabansa wajen 1606.

A nan ne ya kamata ɗalibin rubutu ya gyara zama, domin muna da littafin da marubucin ya karanta, muna kuma da abin da ya rubuta, saboda haka za mu iya ganin inda hannunsa ya taɓa. Holinshed ya faɗa ƙarara cewa Makbes ya gudu daga Dunsinane, Macduff ya bi shi har Lumphanan. Shekisfiya ya karanta wannan, ya share shi da gangan. Ya tattara yaƙin 1054 da mutuwar 1057 da naɗin 1058 ya zuba su a yini ɗaya, a tudu ɗaya. Shekara 17 na mulki ya matse su har mai kallo ya ɗauka 'yan watanni ne. A ganinmu, ta fuskar fasaha, babu abin zargi a nan. Kashi na biyar na wasan an gina shi ne a kan matsi: mutum a rufe cikin ganuwa, barori na zamewa ɗaya bayan ɗaya, likita ya kasa maganin matarsa, ana jin kukan mata daga ciki, sai ga ɗan aike ya shigo jiki na rawa ya ce ya ga daji ya motsa. Fitowa gajeru ne, ana tsalle daga cikin ganuwa zuwa wajenta, ana komowa, kamar igiyar da ake ɗaurewa a hankali. Da a ce bayan duk wannan Makbes ya hau doki ya tsere arewa, aka ce wa 'yan kallo su jira shekara uku, da igiyar ta kwance, da alƙawarin bokayen ya zama wasan yara. Dandamali yana da ƙa'idarsa, ɗan kallo ba ya zuwa da taswira. Har ila yau, Shekisfiya bai zubar da duk abin da tarihi ya ba shi ba. Ɗan Siward da ya mutu a 1054 yana nan a wasan, da labarin nan na uban da ya tambaya ko raunin ɗansa a gaba yake ko a baya, da aka ce a gaba sai hankalinsa ya kwanta. Wannan ɗan guntun tsohon labari ya fi dogayen jawaban Malcolm taɓa zuciya.

Ke nan matashinmu yana da gaskiya? Yana da rabinta. Akwai wasu canje-canje a wasan waɗanda dandamali bai nema ba, fada ce ta nema. A 1603 Sarki James na Sikotlan ya gaji sarautar Ingila, ya ɗauki ƙungiyar wasan su Shekisfiya ƙarƙashin inuwarsa, har aka riƙa kiran su mutanen sarki. James ɗan gidan Stuart ne, wato a ƙidayar Boece jikan Banquo ne. Ya rubuta littafi a kan mayu da matsafa a 1597, kuma a 1605 ya tsallake makircin waɗanda suka so tayar da majalisa da albarushi yana ciki. To a littafin Holinshed, Banquo yana cikin waɗanda suka haɗa baki da Makbes aka kashe Duncan. A wasan kuwa an wanke shi tas, har aka jero zuriyarsa sarakuna takwas suna wucewa a gaban Makbes don ya ƙara ƙuna. Holinshed ya nuna Duncan rarrauna ne wanda sakacinsa ya jawo tawaye, ya kuma ce Makbes ya yi shekara goma yana mulkin adalci kafin ya lalace. Duk wannan bai shiga wasan ba. Kisan baƙo cikin dare yana barci, da matar da ke zuga miji, da ɗora laifi a kan dogarai da aka bugar da giya, Shekisfiya ya ɗebo su ne daga wani babi daban na Holinshed, labarin Donwald da ya kashe Sarki Duff tun kafin a haifi Makbes. Wato laifin wani aka ɗauko aka jibga masa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mun san makaɗin fada, mun san cewa yabon ubangida ba ya cika sai da zambo ga abokin hamayyarsa. In muka ji makaɗi ya siffanta wani ɗan sarki da rowa ko muni ko tsoro, mukan yaba gwanintar, mu yi dariya, amma babu mai hankalin da zai ɗauki zambon ya rubuta shi a littafin tarihi, domin kowa ya san gidan da makaɗin ke cin tuwo. Wasan Makbes, ban da duk sauran abin da ya ƙunsa, akwai yabo da zambo a cikinsa. Bambancin kawai shi ne ya zo mana a bugagge, da Turanci, da tambayoyin jarrabawa a bayansa, sai muka manta mu tambayi gidan tuwon. Ba muna cewa wannan ya rage darajar wasan ba ne. Nazarin da ya yi wa zuciyar mutumin da ya san abin da zai aikata mugu ne, ya kuma aikata, sannan barci ya ƙaurace masa, babu na biyunsa a abin da muka karanta. Amma mutumin da aka yi wa wannan nazari yana da suna da ƙasa da shekarun mulki, kuma zuriyar wanda ya kashe shi ce ta riƙe gadon sarauta da alƙalamin tarihi bayansa.

Abin mamaki, wanda ya tashi rama wa Makbes a idon jama'a ba farfesa ba ne, fim ɗin zane ne mai motsi, irin wanda yara ke kira katun. Kamfanin Disney na Amurka ya nuna wani jerin shiri a talabijin daga 1994 zuwa 1997 mai suna Gargoyles, wanda Greg Weisman na cikin waɗanda suka ƙago shi. Sunan ya samo asali ne daga indararon da Turawa ke sassaƙawa da siffar dodo a saman tsofaffin majami'u. A shirin, dodannin halittu ne masu fukafukai da ke zama dutse da rana, su farka da dare. An ɗauko su daga Sikotlan ta shekarar 994 an kawo su birnin Niyok na 1994. A 1995 aka nuna wani labari mai kashi huɗu, City of Stone, inda ake waiwaye zuwa rayuwar Makbes, kuma shekarun da aka zaɓa su ne 1020 da 1032 da 1040 da 1057. Mai karatu ya koma sama ya duba, zai ga shekarun tarihi ne daidai. An dawo da Findlaech da Gille Coemgain, an dawo wa Gruoch da sunanta bayan Shekisfiya ya bar ta ba suna sai na miji, an kashe Duncan a fagen fama a 1040, an ba Makbes shekarunsa 17.

A kan wannan ƙashin tarihi aka ɗora tatsuniya. Matan nan uku suka ƙulla Makbes da wata dodanniya mai suna Demona: ya ba ta ƙuruciyarsa ta taimake shi yaƙi, daga nan kowa na jin zafin da ɗaya ya ji, kuma babu mai mutuwa sai in ɗayansu ya kashe ɗaya, su tafi tare. A 1057 Demona ta saci jin wata shawara da surukin Makbes ya kawo ta a sayar da dodannin don a sami sulhu da Ingilishi, ba ta tsaya ta ji ƙarshen magana ba, ta janye jama'arta, gidan sarauta ya faɗi. Malcolm ya soke Makbes, ya faɗi, ya sake tashi. A nan ne fitowar da muka fi so take. Gruoch ta ce masa ya tafi kada ya dawo, domin an riga an naɗa ɗansu, kuma in jama'a suka ga matacce ya tashi za su gaskata duk sharrin tsafin da maƙiya ke yi masa. Haka ya yi ta yawo shekara ɗari tara, har muka same shi a Niyok yana ɓoye da sunan Lennox Macduff, sunaye biyu da ya aro daga wasan da ya ɓata masa suna. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai. Bello Kagara ya yi irinta a Ganɗoki tun 1934, inda ya faro da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa sannan ya zarce da jaruminsa ƙasar aljannu, kuma babu mai karatun da ya ruɗe ya ɗauki aljannun a matsayin tarihi. Dodo mai fukafuki ba ya yaudarar kowa, shi da kansa yake shelar cewa ƙage ne.

Sai dai kash, masu shirin sun faɗa ramin da suka zo cikewa. Don su wanke Makbes sai suka shafa wa Duncan baƙin. Suka mai da shi matsoraci maƙetaci, suka ce shi ya sa a kashe Findlaech, abin da babu shi a kowane tsohon kundi. Ƙona Gille Coemgain da mutum hamsin, wanda masana da dama ke zargin da hannun Makbes a ciki tun da shi ya ci gajiyarsa, suka mai da shi faɗan kare kai a saman ganuwa. Lulach agola suka mai da shi ɗan cikinsa, don soyayyarsa da Gruoch ta fita ba tabo. Wato zambon yana nan, gidan tuwo kawai aka sauya. Kuma haɗarin wannan ya fi na dodannin, domin ya zo a lulluɓe da shekarun gaskiya da sunayen gaskiya, yaron da ya kalla zai tashi yana cewa yanzu ya san ainihin abin da ya faru. Makbes na tarihi, gwargwadon abin da kundaye suka nuna, basarake ne na ƙarni na 11 wanda ya hau da takobi kamar waɗanda suka riga shi, ya riƙe ƙasa da kyau, ya sauka da takobi. Irin wannan mutum ya fi wuyar rubutawa fiye da waliyyi ko shaiɗani, shi ya sa kowa ke kauce masa. Wanda muka ga ya ɗan kusanci wahalar shi ne David Greig, ɗan Sikotlan, a wasansa mai suna Dunsinane na 2010, wanda ya faro daga inda Shekisfiya ya tsaya: Siward ya ci tudun, yana zaton aiki ya ƙare, sai ya tarar sarauniya na da rai, ɗanta na da magoya baya, ga shi a ƙasar da bai san harshenta ba bai kuma gane ƙawancenta ba.

Abin da ya sa muka ja maganar haka shi ne, sarakunan da matasanmu suka fara ɗauka suna sa wa a wasa da ƙagaggen labari ba su yi nisan Makbes ba. Alwali na Kano ya mutu a Burumburum ne a farkon ƙarni na 19, Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, kuma jikokin waɗanda suka yi nasara da na waɗanda aka ci duk suna raye, wasu ma suna zama tare da mu a zauren karatu. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan sarakunan Haɓe na ƙarshe daga hannun waɗanda suka kayar da su ya fito, kamar yadda labarin Burmi ya fara shiga takardun Turawa daga rahoton sojan da suka yi harbin. Da muka sake duba rubutun matashinmu bayan taro, mun ga matsar da mutuwar zuwa ƙofar gari ba ita ce matsalarsa ba, layi biyu a gabatarwa sun isa su sanar da mai karatu. Inda muka ja masa layi da jan biro shi ne kashi na biyu, wurin da ya sa sarkin ya sa wa ƙaninsa guba. Muka tambaye shi inda ya samo wannan, ya ce babu, ya ga dai in ba haka 'yan kallo ba za su ji daɗin faɗuwarsa ba.

A Lumphanan, inda Makbes ya mutu da gaske, akwai wani dutse a cikin gona da ake cewa a kansa aka sare shi, da wata rijiya mai sunansa, da tarin duwatsu da ake kira kabarinsa. Tarin duwatsun makwancin mutanen da ne da suka riga shi da fiye da shekara dubu, tudun ganuwar da ke gefen ƙauyen kuwa sai a ƙarni na 13 aka gina shi. Tsofaffin jerin sunayen sarakuna sun ce tsibirin Iona aka kai gawarsa, inda ake binne sarakunan Sikotlan, Duncan ma can aka ce yake.